Kafin mu sa diga a jikin tsohon masallacinmu

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda ke kan hanya ko a ofis ya ajiye shi sai bayan isha'i.

Asabar ɗin da ta wuce na tahi gida taron kwamitin masallaci. Ba zan ambaci sunan garin ba, waɗanda suka san ni sun san shi, yana nan yankin Kwara idan ka bar Bagudo ka nufi wajen Illo. Abin da ya tara mu shi ne tsohon masallacin Juma'armu na ƙasa, wanda ko mahaifina, Allah ya jiƙansa, tashi ya yi ya gan shi a tsaye. Wani ɗan garin da Allah ya buɗa wa a fatauci tsakanin nan da Malanbil ya yi alkawarin siminti da rodi da kwano, har da tayil. Allah ya saka mishi da alheri, duk wanda ya taya buhun siminti kwanan nan ya san nauyin wanga alkawari. Sai dai shawarar da aka kawo ita ce a rushe tsohon a ɗora sabo a gurbinsa. Har zanen sabon an zo da shi a takarda, da fararen ginshiƙai huɗu a gaba. Kusan kowa ya ce madalla. Ni kaɗai na ɗaga hannu na ce, Allah gafarta Malam, a ɗan dakata.

Ban rufe baki ba wani ƙanena ya tare ni: "Yaya, ka manta abin da ya faru a Zariya? So kake sai ya faɗo wa mutane?" Wuri ya yi tsit. Gaskiya yaron ya faɗa, kuma ban ba shi amsa a wurin ba, domin amsar ba ta minti biyu ba ce, ga la'asar ta kawo jiki. Shi ya sa na zauna na rubuta ta, na san shi da abokansa za su gani.

Ban manta Zariya ba. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani ɓangare na babban masallacin da ke ƙofar fadar Zazzau ya rufto wa masallata. Aƙalla mutum 7 suka rasu, da dama suka jikkata. Allah ya gafarta musu. Mai martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya shaida wa 'yan jarida cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan, ana cikin shirin kawo injiniyoyi ne abin ya faru. Duk wanda zai yi maganar adana tsohon gini, to daga nan ya kamata ya fara. Babu bangon da ya kai ran mutum guda daraja.

Amma mutane nawa ne cikin masu ambaton Zariya suka san wane gini ne ya faɗi ranar? Da yawa sun ɗauka wani tsohon soro ne kawai da ya gaji. Alhali masana gine-gine na ciki da waje sun daɗe suna ɗaukarsa a matsayin gini mafi ƙwarewa da Bahaushe ya taɓa yi da ƙasa.

An gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, wato shekaru kaɗan bayan jihadin Shehu, lokacin da sababbin sarakuna ke kafa masallatan Juma'a a biranensu. Maginin shi ne Malam Mika'ilu, wanda duniya ta fi sani da Babban Gwani. A Bauchi za ka ji ana kiransa Muhammadu Durugu, kuma shi ake danganta wa gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda yanzu yana cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Akwai labarin baka da ake bayarwa cewa bayan ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sai aka kashe shi don kada ya je wani gari ya yi wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan gwanayen magina a ƙasashe da dama, kuma ni abin da nake ɗauka a cikinsa shi ne yadda mutanen zamaninsa suka ga girman aikinsa, har suka yarda sarki zai iya yin kishi a kansa.

Masallacin ba ɗakin salla kaɗai ba ne. A asalinsa akwai haraba da katanga, akwai zaurukan shiga inda ake alwala, akwai ɗakin shari'a inda alƙali ke zama, sannan babban ɗakin salla mai tulluwa shida a kansa. To mene ne abin gwaninta a ciki? Nan nake so mu ɗan daɗe, domin na lura ko mu da muka tashi a ɗakin soro ba mu san yadda rufin da ke kanmu yake tsaye ba.

Maginin gargajiya yana da abu biyu a hannu: ƙasa da azara. Ƙasar ana kwaɓa ta da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana tsumuwa, sannan a cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Ana jera shi kai sama, a cike tsakaninsa da kwaɓi. Bango yana farawa da kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa. Azara kuwa tsagin itacen giginya ce, ita ce gara ba ta cika ci ba, kuma ba ta saurin ruɓewa. Matsalarta ɗaya: idan ka shimfiɗa ta ka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta jure faɗin da ya wuce kamar mita 2, sai ta lanƙwashe. Shi ya sa ɗakunan talakawa na da suke ƙanana. Ba don ba su son fili ba, iyakar abin da azara ke ɗauka ke nan.

Yaya za ka yi ke nan idan sarki ya ce yana son ɗakin da ɗaruruwan mutane za su yi sahu? Amsar da maginan Hausa suka samo ita ce bakan gizo. Daga jikin bango ko ginshiƙi ake dasa azara ta ɗan karkato ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sai a ɗora wani jerin a kanta wanda ya fi karkata, shi ma a ɗaure, a lulluɓe, a jira. Haka ake yi daga wancan ɓangaren ma, mataki bayan mataki, har hannuwan biyu su haɗu a sama su zama baka guda. Ba a kafa katako a ƙasa don ya tallafe shi, bakan da kansa yake riƙe kansa tun yana rabi. Idan aka gicciya baka biyu ko fiye suka haɗu a tsakiya, shi ne ɗaurin guga, domin ya yi kama da yadda ake ɗaure bakin gugan rijiya. Faɗin ɗakin ya rabu ke nan zuwa ƙananan gurabe da azara za ta iya rufewa, sai a ɗora tulluwa.

Ku duba da kyau, wannan shi ne hikimar dakin da muke zubawa yau. Rodi a cikin kankare, azara a cikin ƙasa. Ɗaya yana jure ja, ɗaya yana jure danni. Magabatanmu suna yin haka tun kafin a kawo buhun siminti na farko ƙasar nan. Abin da Babban Gwani ya yi shi ne ya kai wannan dabara inda ba wanda ya kai ta: bakuna suna tasowa daga manyan ginshiƙai, wasu daga ƙasa, wasu daga tsakiyar ginshiƙin, suna ratsa juna a sama, kuma duk an bi jikinsu da zane mai kauri wanda aka fitar da hannu tun ƙasar tana ɗanya. Ba ya da takardar zane, ba ya da injin awo. Da taku da kamu da ido ya yi.

Na shiga masallacin sau ɗaya, lokacin ina ɗalibi, wani aboki Bazazzagi ya kai ni. A lokacin, daga waje ba ka ganin komai sai ginin siminti, domin a shekarun 1970 an gina sabon masallaci an lulluɓe tsohon a cikinsa. Sai ka ratsa ka shiga tsakiya sannan ka ji sanyi ya sauko maka, hayaniyar gari ta ɗauke, ka ɗaga kai ka ga bakunan nan. Wallahi na daɗe a tsaye. Abokin sai da ya taɓa ni ya ce mutane na jira su wuce.

Yanzu bari in koma kan fararen ginshiƙai huɗun nan da ke cikin zanen sabon masallacinmu. Kun san su, su ne dai masu tsaga-tsaga a jiki da ake zubawa a ƙofar gidajen manya a Abuja da Birnin Kebbi, wani lokaci da alwatika a samansu. Na tambayi wanda ya kawo zanen ko ya san asalinsu, ya ce yayi ne kawai. To asalinsu ɗakunan bautar gumaka ne na tsohuwar Girka, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne Partenon, wanda ke kan dutsen Akrofolis a tsakiyar birnin Atina. Ba ina cewa haramun ne a sa ginshiƙi a masallaci ba, wannan fagen malamai ne, kuma ginshiƙi dai ginshiƙi ne. Dariya kawai abin ya ba ni: za mu rushe fasahar da aka ƙago domin sahun salla, mu kwaikwayi wadda aka ƙago domin ɗakin gunki, kuma mu kira wannan ci gaba.

Tunda na ambace shi bari in ba ku labarinsa, don akwai abin da ya shafe mu a ciki. An fara gina Partenon a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kammala komai a 432, zamanin shugabancin Ferikilis. Masu tsara ginin su ne Iktinos da Kalikiratis, mai kula da sassaƙa kuma Fidiyas. An yi shi ne don gunkiyar birnin, wadda aka sassaƙa mata mutum-mutumi na zinariya da hauren giwa mai tsayin kusan mita 12. Dutsen da aka yi aikin da shi farin mabul ne da aka fasa daga dutsen Fenteli, kimanin kilomita 16 daga birnin. Tsawon ginin ya kusa mita 70, faɗinsa kusan 31, ginshiƙai 8 a gaba da baya, 17 a kowane gefe, 46 ke nan a kewaye, kowanne ya haura mita 10.

Abu biyu a tarihin kuɗin ginin sun ja hankalina a matsayina na ma'aikacin gwamnati. Na farko, abokan hamayyar Ferikilis sun zarge shi da cewa kuɗin da biranen ƙawance suka tara don tsaro daga Farisawa ne ya karkatar ya ƙawata garinsu. Ashe abin tsoho ne. Na biyu kuwa, kowace shekara masu kula da aikin suna sassaƙa lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a jikin dutse, a kafa a fili kowa ya karanta. Gutsattsarin waɗannan duwatsu suna nan har yau. Na so a ce kwamitocin gine-ginenmu sun kwaikwayi wannan kafin su kwaikwayi ginshiƙi.

Abin da ya sa masana ke jinjina wa Partenon shi ne kusan babu miƙaƙƙen layi a jikinsa, amma ido yana ganin komai a miƙe. Daɓen da ginshiƙan ke tsaye a kai ya ɗan yi tozo a tsakiya, kimanin santimita 11 a dogon gefe. Ginshiƙan sun ɗan sunkuya ciki. Kowanne yana da ɗan ciki a tsakiyarsa, kamar damtsen da ke ɗauke da kaya. Na kusurwa sun fi sauran kauri kaɗan. Wato kusan kowane dutse da awonsa daban aka sassaƙa shi, kuma aka jera su ba tare da kwaɓi a tsakani ba. Wannan aiki ne, ko maƙiyi ya yarda. Shi ya sa Turawa suka yi ta kwaikwayonsa a kotuna da bankuna da majalisu, har a birnin Nashbil na Amurka an gina kwafinsa sukutum.

Sai dai ga inda nake so ƙanena ya lura. Ta fuskar riƙe rufi, dabarar Girkawa mai sauƙi ce: a kafa ginshiƙi biyu, a gicciya dutse a kansu. Ba su yi baka ba. Kuma ba su damu ba, domin jama'a ba a cikin ɗakin suke taruwa ba, a waje suke tsayawa wajen yanka. Ginin an yi shi ne don a kalle shi daga nesa, shi ya sa duk gwanintar tana waje. Babban Gwani kuwa matsalarsa daban ce. Shi mutane ne za su shiga, su daidaita kafaɗa, su ji liman, su sha iska a watan bazara. Don haka gwanintarsa tana ciki, wajen kuma bai cika ado ba. Kowanne ya warware matsalar da addininsa da ƙasarsa suka ɗora mishi, ɗaya da dutsen da ke bayan gari, ɗaya da ƙasa da giginyar da ke bayan gari. Ni ban ga dalilin da zai sa a koya wa 'ya'yanmu sunan ɗaya a makaranta a bar ɗayan ba.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, Partenon ya taɓa zama masallaci. Bayan zamanin gumaka an mai da shi coci, ya yi ɗaruruwan shekaru a haka. Da Turkawan Daular Usmaniyya, ta Istambul nake nufi ba tamu ta Sakkwato ba, suka ci Atina wajen 1458, sai aka mai da shi masallaci har da hasumiya. Kuma duk tsawon wannan lokaci, sama da shekara 2,000 daga gina shi, ginin yana tsaye da rufi a kansa. Ba tsufa ne ya rushe shi ba. A 1687 sojojin Fenis suka kewaye birnin, Turkawa suka ajiye albarushinsu a ciki, ranar 26 ga Satumba harsashin igwa ya faɗa kai, tsakiyar ginin ta tarwatse, mutane da yawa suka mutu. Daga 1801 kuma jakadan Ingila, Lod Elgin, ya sa aka ɓalle sassaƙe-sassaƙen jikinsa aka loda a jirgi. Gwamnatin Ingila ta saye su a 1816 kan fam 35,000, suna gidan tarihin Birtaniya a Landan har gobe, Girka na ta roƙo a mayar mata, kamar yadda muke roƙon tagullan Bini.

Ɓarna ta ƙarshe kuwa masu gyara ne suka yi ta, kuma ita ce ta fi kama da tamu. A farkon ƙarni na 20 wani injiniya mai suna Balanos ya jagoranci sake ɗora duwatsun da suka zube, ya haɗa su da ƙarfe. Magina na asali su ma sun sa ƙarfe, amma sun zuba mishi darma ta rufe shi don kada ruwa ya taɓa. Na zamanin ba a kare shi haka ba. Ya yi tsatsa, ya kumbura, ya farfasa dutsen daga ciki. Tun 1975 Girkawa ke aikin warware wannan gyara, suna cire ƙarfen suna sa taitaniyom wanda ba ya tsatsa. An yi abin da kyakkyawar niyya da kayan zamani, sai ya fi shekaru dubu biyu illa.

Da na karanta wannan sai na tuna bangon gabas na masallacinmu. Shekarun baya wasu bayin Allah suka yi mishi filasta da siminti don a huta da yaɓe. Bangon da ke ta tsagewa yanzu shi ne wannan. Bayan taron na je gaida wani tsoho, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi ginin ƙasa a garin, ido ya fara mishi nauyi. Na ce Baba, mi ya sami bangon gabas? Ya ce, "Ɗana, ƙasa numfashi takai. Kun toshe mata hanci da siminti, ruwa ya shiga ta sama bai da wurin hita, to ina kuke so ya tahi?" Ya ce a zamaninsu ba a barin damina ta faɗi ba a hau rufi ba. A duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, ana shafe bango da ita. Rufin manya kuma laso ake sa mishi, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Na tambaye shi yaushe rabon da a yi wa masallacinmu haka. Ya yi dariya ya ce tun ina makarantar firamare.

Wannan shi ne gaskiyar ginin ƙasa, kuma ba zan ɓoye ta don in ci gardama ba. Dutse yana jure sakaci na ɗaruruwan shekaru, ƙasa ba ta jure na shekara biyar. Ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin akwai hannun da ke komawa kansa duk shekara. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda duk shekara gari kaf ke fitowa, maza da mata da yara, a yaɓe shi kamar ana biki. Hasumiyar Agadas mai tsayin mita 27 haka take, itatuwan da ke fitowa a jikinta matakala ce ta masu gyara. Mu kuwa mun daina gayya, maginan sun mutu ba su bar magada ba, giginyar ma mun sare ba mu dasa ba. Sannan in gini ya tsage mu ce laifin ƙasa ne.

Mu Kabawa ma ai bai kamata a ba mu labarin gini ba. Kanta, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sanwai wajen 1516, ya kafa Surame ya kewaye ta da ganuwar dutse da ƙasa, abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa. Kufanta yana nan a ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato. Tun 1964 gwamnati ta ayyana shi wurin tarihi na ƙasa, a 2007 kuma aka sa shi cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Ku faɗa mini tsakani da Allah, mu nawa muka taɓa zuwa? Ni kaina sai da na haura shekara talatin. Shi ma masallacin Zariya, wanda ya zauna ya auna shi taku-taku ya zana shi a takarda wani Bature ne ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, kuma da wannan awo aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

To me nake so a yi? Ba na ce kada a gina sabon masallaci ba. Garin ya ƙaru, ranar Juma'a rabin mutane a rana suke salla, kuma wanda ya kawo dukiyarsa don Allah ba a mayar mishi da ita. Abin da nake cewa akwai wanda ya riga mu shiga irin wannan hali ya fita lafiya, kuma Hausawa ne 'yan uwanmu, nan Nijar. A yankin Tawa akwai garin Yama, inda wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, aikin da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A wani garin yankin mai suna Dandaji kuma, tsohon masallacinsu na ƙasa ya lalace har ana maganar rushe shi. Sai wata 'yar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka kawo wata shawara: a gina sabon babban masallaci a gefe da bulon jar ƙasa da ake matsewa a inji, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Aka kammala a 2018. Yau suna da masallacin da ya ishe su, yara da mata suna da wurin karatu, kuma aikin kakanninsu yana tsaye.

Mu ma muna da fili a arewacin masallacin, inda ake ɗaure dabbobi ranar kasuwa. Na san akwai magana a kansa, amma maganar fili ta fi sauƙin warwarewa a kan a dawo da gini bayan ya zama tarin ƙasa.

Ga abin da zan gabatar a zama na gaba, in Allah ya kai mu. Tun daga wannan Juma'a a daina sahu a ƙarƙashin ɓangaren gabas, a ja igiya, ko da za a ce na cika tsoro. Darasin Zariya ke nan, tsakanin ganin tsaga da faɗuwar gini kwana ɗaya ne. Sannan a kawo injiniya ya duba, amma a haɗa shi da maginin ƙasa su hau rufin tare, domin yawancin injiniyoyinmu kankare aka koya musu, in suka ga ƙasa hukunci ɗaya suke yankewa. Idan su biyun suka ce azarar ta mutu ba ta gyaruwa, ni da kaina zan riƙe diga, amma kafin nan sai an ɗauki hoton kowane baka da kowane ginshiƙi, an auna, an rubuta sunayen waɗanda suka gina shi daga bakin tsofaffin da suka rage. Idan kuwa suka ce yana gyaruwa, a kankare simintin nan daga bangon gabas, a yi gayya a yaɓe, a mai da shi makarantar allo da ta dare, sabon kuma a kai shi fili.

Na yi wa mai alkawarin simintin waya jiya da dare. Na yi zaton zai ji haushi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi a cikin masallacin nan aka raɗa mishi suna, kuma ba wanda ya taɓa ce mishi akwai wata hanya ban da rushewa. Bai ce ya yarda ba, ya ce in turo mishi hotunan na Dandaji ya gani. Na tura.

Abin da ya rage mini shi ne magini. Baba ba ya iya hawa tsani yanzu. Duk wanda ya san mai ɗaurin guga da ke aiki har yau, a Argungu ne, ko Gwandu, ko Yawuri, ko tsallaken iyaka wajen Gaya, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo kafin Asabar ta sama. Kuɗin motarsa a kaina.